Ƙaramar hanya mai shiru da tuddai: ku ba mu labarin yadda kuka yi da ita

Mai Keke Shuɗi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu hawan keke. Shekara biyu ke nan ina tuƙi a kan manyan tituna, kuma na gaji da hon da hayaƙi da motar da za ta wuce ka har iskarta ta girgiza ka. Makon jiya na ce bari in gwada wata ƙaramar hanya da ta ratsa ƙauyuka da gonaki. Taswira ta nuna min kilomita 45 ce zuwa da dawowa. Ni da na saba yin 70 a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, na ɗauka kafin rana ta yi zafi ina gida.

Shirun da na tarar ya fi wanda na je nema. Na yi kusan awa guda ban haɗu da komai ba sai babura biyu. Ina jin ƙarar cen ɗina, ina jin tsuntsaye, har numfashina ina ji. Sai dai hanyar ba ta barin mutum ya huta: ka hau, ka gangara, ka sake hawa. A tudu na shida ƙafafuna suka ƙi, na sauka na tura keken har sama. Ruwana ya ƙare tun da saura kilomita goma da wani abu. Awa huɗu da rabi na yi kafin in dawo.

Duk da haka zuciyata tana can, ina son komawa. Waɗanda suka saba da irin waɗannan hanyoyi, don Allah kowa ya faɗi abin da ya same shi da yadda yake shiryawa.

Tsohon Matuƙi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ya same ka ya same ni, kuma dalilin ɗaya ne: ka ƙirga tsawon hanya, ba ka ƙirga hawa ba. A ƙasar tuddai lamba biyu ake dubawa, kilomitocin da za ka yi da jimillar mitocin da za ka hau. Tudu goma masu mita 60 kowanne sun zama mita 600, kamar ka hau dutse guda ne a rarrabe. Gangarar ba ta biyanka abin da ka kashe, domin tudun da ka hau a minti takwas za ka sauke shi a minti ɗaya da rabi, sai ga wani a gabanka.

Ka koyi karanta tsinin tudu kuma. Idan an ce kashi 8 cikin ɗari, ana nufin duk mita 100 da ka yi gaba ka tashi sama mita 8. A jikina, kashi 3 zuwa 4 ina hira da abokin tafiya. Daga 6 hira ta fara yankewa. Daga 10 babu magana sai haki. Tudun Alpe d'Huez mai lanƙwasa 21, wanda ake ta ambata a gasar keke ta Tour de France ta ƙasar Faransa, matsakaicin tsininsa wajen kashi 8 ne, tsawonsa kuma bai kai kilomita 14 ba. Ƙananan hanyoyin karkara sau da yawa sun fi shi tsini na ɗan gajeren wuri, don ba a yanka tudun an kwantar da shi kamar yadda ake yi wa babban titi ba. Yadda ƙasa ta tashi haka hanya ta bi ta.

Ko ƙwararru abin yana cin su. Gasar tseren keke ta duniya da aka yi a Kigali a 2025, karo na farko a Afirka, tseren maza ya ɗan haura kilomita 260 amma hawan da ke ciki ya wuce mita 5,000. Tadej Pogačar ne ya ci, mafi yawan waɗanda suka fara kuwa ba su kai ƙarshe ba. Saboda haka tura keke a tudu na shida ba abin kunya ba ne.

Mai Gyaran Keke:

Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara ta ɓangaren sana'ata. Malam, ƙirga min haƙoran ƙaramin farantin gaba da na babban farantin baya na kekenka. Ina kyautata zaton 39 ne a gaba, 25 a baya, irin na masu tsere a fili. Da wannan giya, duk juyin feda ɗaya keken yana tafiya wajen mita 3.3. Wanda yake da 34 a gaba da 32 a baya, nasa wajen mita 2.2 ne. Idan ku biyun kuna hawa da gudun kilomita 9 a awa, shi ƙafarsa tana juyawa kusan sau 70 a minti, kai kuma ƙasa da 50, kana danna feda da dukan nauyinka. Shi numfashi yake kashewa, kuma numfashi yana dawowa da ya ɗan sassauta. Kai naman cinya kake kashewa, shi kuwa in ya ƙare ya ƙare sai gobe.

Ni ma na daɗe ina ganin giya mai laushi ta ragwaye ce, har gwiwata ta dama ta fara ciwo duk ranar da na dawo daga tuddai. Da na canza, ciwon ya tafi. In za ka sa babban faranti a baya, a duba ko abin canza giyar zai ɗauka, sau da yawa sai an sa mai dogon hannu, a kuma ƙara tsawon cen. Sannan ka riƙa sauke giya tun kafin tudun ya kama ka. Wanda ya bari sai feda ta yi nauyi sannan ya canza, shi ne yake kawo min tsinkakken cen.

Mai Tabo a Gwiwa:

Kowa yana maganar hawa. Ni gangara ce ta kayar da ni, kuma ina roƙon ku ku karanta wannan da kyau.

Hanya ce da na taɓa bi sau uku, na ɗauka na san ta. Gangara ce mai tsawo, a ƙarshenta akwai kwana zuwa hagu kafin wata 'yar gada. An yi ruwa kwana biyu kafin ranar, ban kawo komai a raina ba tunda kwalta ta bushe. Ashe ruwan ya kwaso yashi daga gefen tudu ya shimfiɗa shi daidai cikin kwanar, siriri, launinsa kusan ɗaya da na hanyar. Ban gan shi ba sai da na kwantar da keken. Na matse birki a tsakiyar kwana, tayar gaba ta zame kamar an janye tabarma. Abin da nake tunawa shi ne ƙarar hular kwanona a kan kwalta, da tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai a gefen hanya. Hular ta tsage daga gefe. Na zauna a bakin gadar ina wanke gwiwa da ruwan gorata, hannuna yana rawa, kuma na fi minti arba'in kafin wani mai babur ya biyo.

Shirun da muke so ɗin nan, ma'anarsa babu mai share hanyar, babu mai ganin ka faɗi. Tun daga ranar nake rage gudu kafin in shiga kwana, keken yana tsaye sak, ba a cikinta ba. Duk inda hanya ta sauka kwari ko ta kusanci rafi ina ɗauka akwai yashi har sai idona ya tabbatar babu. Ku tuna kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar da za ka tsaya ninki huɗu take yi: abin da ya ishe ka a kilomita 25 a awa ba zai kusa isarka a 50 ba.

Mai Gyaran Keke:

Allah ya ƙara kiyayewa, ɗan'uwa. Ƙari ɗaya: masu birkin da ke kama rim, kada ku riƙe shi tun daga sama har ƙasa. Rim yana ɗaukar zafi sosai, a doguwar gangara yana iya fasa tif. A matse da ƙarfi, a saki, a sake matsewa.

Malama Mai Tafiya Ita Kaɗai:

Sannunku. Ni yawanci ni kaɗai nake fita, don haka shirina ya fi na kowa yawa. Kafin in tashi ina tura wa yayata hoton hanyar da lokacin da nake sa ran dawowa. Ina sauke taswirar a waya tun ina gida, domin a cikin kwari sabis yana ɗaukewa, amma GPS ba ya buƙatar sabis, zai ci gaba da nuna inda kake muddin taswirar tana cikin wayar. Manhajar Komoot nake amfani da ita don tana zana hawa da saukar hanyar gaba ɗaya, in ga inda tudu mafi tsini yake. In yana kusa da ƙarshe, sai in juya tafiyar in fara da shi ƙafata tana da ƙarfi.

Ranar da na fi shan wuya ba tudu ba ne, ƙaya ce. Taya ta sace, na canza tif, na yi famfo, ban yi kilomita ɗaya ba ta sake sacewa. Ashe ƙayar tana nan maƙale a cikin tayar, kanta kaɗai ya leƙo, sai da na bi cikin da yatsa a hankali na ji ta. Tif ɗin ajiya ɗaya gare ni, da ba don ina da kayan faci ba da sai dai in tura keke kilomita 18. Yanzu tif biyu nake ɗauka da faci, kuma ba na mayar da taya sai na shafa cikinta kaf. Na kuma koma taya mai faɗin milimita 32 daga 25, ina rage mata iska kaɗan. A kwaltar da ta farfashe bambancin kamar dare da rana ne, tafin hannuna ya daina mutuwa.

Ɗan Gangare:

Malama, ban ƙi taki ba, amma ni wayar nan ta taɓa yaudarata. Ta nuna min kwalta, na je na tarar rabin hanyar tsakuwa ce da ramuka, gada ɗaya ma ruwa ya cinye gefenta. Yawancin manhajojin nan daga OpenStreetMap suke ɗauko bayani, shi kuwa masu sa kai ne suke cika shi, kuma hanyar da ba a cika bi ba takan daɗe ba a sabunta ta ba. Ni in na isa mararraba nakan tsaya in gaida wanda na gani a gona ko a bakin hanya in tambaye shi. Sai dai kada ka ce "da nisa?", don wanda ya saba da wurin komai kusa ne a wajensa. Ka tambaye shi ko mota tana bi, ko akwai inda ruwa ya yanke, tudu nawa ne kafin gari na gaba.

Tsohon Matuƙi:

Duka biyun ake haɗawa. Akwai abin da ba wanda ya ambata: direban da ke bin irin wannan hanya shi ma ya saba babu kowa, don haka yakan bi tsakiya, ya yanke kwana. Wuri mafi haɗari shi ne ƙwanƙolin tudu inda ba ka ganin abin da ke tahowa. Komai gajiya kada ka riƙa yin zigizaga daga wannan gefe zuwa wancan don rage tsini. Ka tsaya a hannunka, ka kunna fitilar baya ko da rana. In ka ci karo da garke, ka sauka ka jira su wuce, kada ka kaɗa ƙararrawa a tsakiyarsu. Kare kuma a kan tudu ba za ka tsere masa ba. Ka sauka, ka sa keken tsakaninku, ka yi masa magana da kakkausar murya kana tafiya a hankali har ka fita daga inda yake tsaro.

Mai Keke Shuɗi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ƙirga haƙoran kamar yadda Mai Gyara ya ce, 39 da 25 ne cif. Na kuma sa hanyar a manhaja, ta nuna hawan ya kai mita 780 a cikin kilomita 45 ɗin nan, tudun da ya sauke ni kuma yana da wurin da ya kai kashi 12. Na kai keken a canza farantan. Ranar Asabar zan koma da gora biyu da tif biyu, zan kuma bi ta ɗaya ɓangaren yadda Malama ta ce, in gamu da tudun nan tun da sanyin safiya. Akwai wata kwana a ƙasan gangara ta uku kusa da rafi, na wuce ta a guje wancan karon ban ko duba ƙasa ba. Wannan karon zan tsaya in ga abin da ke kanta.