Halifa a huɗuba, iko a hannun mai biyan soja

Jiya bayan isha'i mun daɗe a majalisa muna tattauna yadda mai karatun tarihi zai gane wa ke riƙe da mulki da gaske, to ga abin da na tsinta.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kar ka tsaya kan wanda ake ambaton sunansa a huɗubar Juma'a, ka bi sawun kuɗi, wa ke biyan sojoji albashi? Malam ya kawo misalin Bagadaza, a 945 Banu Buwaihi, wani gidan mayaƙa daga ƙasar Farisa, suka shiga garin, Halifa Almustakfi da kansa ya ba shugabansu Ahmad laƙabin Mu'izzuddaula, ba a je ko'ina ba a 946 aka janyo halifan daga kan gadonsa aka makantar da shi aka naɗa Almuɗi'u. Wallahi abin ya taɓa ni, halifa sukutum amma kuɗin cefanen gidansa ma sai abin da aka yanka masa.

Wani ya ce a duba kuma wa ke naɗi wa ke tuɓewa, ya tuna mana yadda Lugga ya naɗa Abbas sarkin Kano a 1903.

Amma fa an ja mana kunne kar mu raina mai rawani don ba shi da takobi. Banu Buwaihi 'yan Shi'a ne amma ba su rushe halifancin Abbasiyawa ba don sun san jama'a ba za su yarda ba, shi ma Ɗugril Bek, shugaban Turkawa Saljuƙawa, da ya shigo Bagadaza a 1055 wajen Halifa Alƙa'im ya nemi amincewa.