Bindigar .22 da madubin saiti a kuɗi kaɗan: wacce za a saya?

Baban Hanifa, Ohio

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da ƙananan bindigogi. Buƙata biyu gare ni: harbin gwangwani da takarda ranar hutu, da rage zomaye, kurege da ɓeraye masu ɓarna a lambu da ɗakin kaji, a fili na bayan gari. Dala 500 na ware, bindiga da madubin saiti duka. Mai ɗana kanta zan saya ko mai sakata? Harsashi kuma, .22 LR ko .17 HMR?

Kawu Manomi, Saskatchewan

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Tunda har da harbin gwangwani a ciki, .22 LR za ka ɗauka. Tun 1887 ake yin sa, babu shagon kayan farauta da za ka rasa shi, kuma babu harsashin da ya kai shi araha. Shi .17 HMR da kamfanin Hornady ya fitar a 2002 yana fita da gudun ƙafa 2,550 a daƙiƙa, ya tafi a miƙe har ya wuce yadi 100. A filayen nan da kuregen ƙasa ke haƙe gonaki yana da ranarsa. Amma kuɗinsa ya ninka, ƙararsa ta fi, kuma yana lalata naman zomo. Harbin lambu da wuya ya wuce yadi 50.

Mai sakata nake ba sabon shiga shawara. Ba ta zaɓen harsashi, mai ƙarfi da mai laushi duk za ta harba, wankinta da sauƙi, kuma idan sakata tana buɗe kowa ya gani daga nesa cewa ba a ɗane take ba. Duba Savage Mark II, wadda yawancin samfurinta ke zuwa da kunamar AccuTrigger da ake iya sassautawa, ko Ruger American Rimfire. CZ 457 ta ƙasar Czech ta fi su kyawun aiki, sai dai ita kaɗai za ta cinye kuɗin da ka ware.

Injiniya, Texas

Kawu, a yi wa Ruger 10/22 mai ɗana kanta adalci. Tun 1964 take kasuwa, gidan harsashinta mai juyawa yana ɗaukar 10 kuma yana shigewa ciki daf, kayan gyaranta kuwa ko'ina akwai. A harbin gwangwani babu mai daɗinta.

Inda take ba mutane wahala uku ne. Kunamarta daga kamfani tana da nauyi, sabon hannu sai ya riƙa fizgar ta, harbi ya karkace. Na biyu, ƙarfin harsashin ne ke tura sakatarta baya, don haka irin harsashin CCI Quiet mai gudun ƙafa 710 a daƙiƙa ba ya iya fitar da kwanso, sai ka ja da hannu bayan kowane harbi. Na uku, jikin da ake ɗaura madubi a kai na alminiyom ne. Wanda ya matse ƙananan sukurorin da ƙarfi zai cinye haƙoran ramin, wanda ya sa masu tsawo kuma za su leƙa ciki su riƙe sakata. A yi amfani da waɗanda suka zo a kwali.

Idan ka ci karo da Marlin Model 60 ta hannu a farashi mai kyau, ita ma ba ta da laifi, amma ka ja sandar gidan harsashin da ke ƙarƙashin bututu ka tabbata ba ta lanƙwashe ba.

Malam Mai Tabarau, Minnesota

Duk bindigogin da aka ambata za su iya tara harsashi biyar cikin inci ɗaya ko kusa da haka a yadi 50. Mafi yawan waɗanda ke kuka cewa tasu ba ta da saiti, matsalar a madubi da zobbansa take.

Madubin manyan bindigogi an daidaita shi ne a yadi 100 ko fiye. Idan ka ɗora shi a .22 kana harbi a yadi 20, hoton abin da kake bara da zaren gicciye ba sa zama wuri ɗaya a cikin madubin. Ga yadda za ka gane: kwantar da bindigar a kan buhun yashi, kada ka taɓa ta, ka leƙa, ka ɗan motsa kanka hagu da dama. Idan gicciyen yana yawo a kan takarda, to duk lokacin da kuncinka ya sauya wurin zama harsashi ma zai sauya wurin faɗuwa. Maganinsa madubin da aka yi don .22, wanda aka daidaita a yadi 50 ko 60, ko wanda aka rubuta AO a jikinsa, mai zobe a gaba da kake murzawa zuwa nisan da kake harbi. Tunda akwai ɓeraye a kusa, nemi AO da ke saukowa har yadi 10.

Girma kuwa, 3-9x40 (wato yana ninka hoto sau 3 zuwa 9, faɗin gilashin gaba milimita 40) ko 2-7x33 ya isa. Kada lambobi irin 6-24x50 su ruɗe ka a madubi mai araha: hoto yana dishewa da magariba, lokacin da zomo ke fitowa, kuma a ninki shida ba za ka iya nemo ɓeran da ke gudu a yadi 10 ba.

Sai zobba. Tsagin da ake maƙala zobba a saman bindigogin .22 na Amurka masu shi inci 3/8 ne, na CZ da yawancin na Turai milimita 11 ne. Da ido kamar ɗaya suke, amma idan ka haɗa wanda bai dace ba zai kama a karkace, madubin ya riƙa zamewa. Ka duba kaurin madubin ma, inci ɗaya ne ko milimita 30. Zaɓi mafi gajartar zobe da zai bar gaban madubin bai taɓa bututu ba kuma hannun sakata ya wuce. Kafin ka matse, ɗaga bindigar a kafaɗa ido rufe, ka buɗe: in ka ga baƙin da'ira a gefe, ja madubin gaba ko baya, galibi inci 3 zuwa 4 daga ido. Sukurorin zobe a ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, kusan inci-fam 15 zuwa 18 a ma'aunin ƙarfin ɗauri ko abin da takardarsu ta ce. Fiye da haka yana matse jikin madubin har murɗin saiti ya daina aiki daidai.

Maman Yusra, Yorkshire

Malam ya gama magana a kan madubi. A nan Ingila aikin .22 kusan duk na zomo ne, kuma da harsashi mai rami a baki wanda gudunsa bai kai na sauti ba, wato ƙasa da ƙafa 1,100 a daƙiƙa. Babu tsawar nan da ke korar sauran, kuma sau da yawa ya fi taruwa wuri ɗaya. A kai ake bara, tsakanin ido da gindin kunne. Nisan da ba ka iya samun murfin kwalba kowane lokaci, kada ka harbi dabba a wurin, raunata ta kawai za ka yi.

Abin da na fi so ka riƙe, Baban Hanifa: .22 harsashi ne mai yawan tsalle. Dalma ce mai tafiya a hankali, idan ta bugi ruwa, dutse ko busasshiyar ƙasa ba ta tarwatsewa, sai ta kauce da ƙugi. A kwalin ma an rubuta yana da haɗari har mil ɗaya da rabi. Kada a harbi kurege a kan reshe da sarari a bayansa, kuma wurin gwangwani ya zama da tudun ƙasa mai laushi a baya. Cikin ɗakin kaji mai daɓen siminti da rufin kwano kuwa, .22 LR ba wurinsa ba ne, bindigar iska ta fi dacewa da ɓera.

Masu zama nan su sani sai da takardar izini daga 'yan sanda, mai aiki shekara 5, da dalili karɓaɓɓe, da gonar da mai ita ya yarda, da akwatin ƙarfe da aka kafe a bango.

Alhaji na Bronx

Maman Yusra ta taɓo doka, bari in ƙara ta Amurka. A shago za ka cika fom 4473 a binciki tarihinka ta NICS, tsarin tarayya na tantance masu sayen bindiga. Wanda ke zaune da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallaka sai da wasu keɓantattun sharuɗɗa, kamar lasisin farauta. Garuruwa da yawa sun hana harbi cikin iyakarsu ko da filinka ne, zomo da kurege suna da lokacin farauta a jihohi da yawa, California kuma tun 2019 ta hana farauta da dalma. A tambayi hukumar namun daji ta jiha. 'Yan'uwa na gida Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta ce sai da lasisi, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka hukuncin ɗaya ne.

Baban Hanifa, Ohio

Allah ya saka da alheri. Na karkata ga Savage da 3-9x40 mai AO. Malam, a wane nisa zan yi saiti, kuma wane harsashi?

Malam Mai Tabarau, Minnesota

Amin. Harsashi bindigar ce za ta zaɓa. Sayi ƙananan kwalaye iri huɗu ko biyar, misali CCI Standard Velocity, Mini-Mag, Eley ko SK. Kowane iri ka fara zubar da kamar goma, saboda kakin jikinsa ya shafe cikin bututu, sannan ka harba biyar-biyar sau uku a kan buhun yashi. Wanda ya fi taruwa, shi za ka saya da yawa.

Fara saiti a yadi 25 da babbar takarda. Cire sakata, leƙa ta cikin bututu har ka ga tsakiyar takardar, ka murɗa gicciye ya hau kanta. Harba uku, ka auna daga tsakiyarsu. A madubin da aka rubuta 1/4 MOA (ma'aunin motsin kowane ƙyas na murɗin saiti), inci ɗaya ƙyas 16 ne a yadi 25, ƙyas 8 a yadi 50. Ƙarasa a yadi 50. Da wannan saitin yadi 25 ma yana kan layi, a yadi 10 harsashi yana faɗuwa fiye da rabin inci ƙasa saboda madubi ya fi bututu tsayi, a yadi 100 kuma inci 5 zuwa 6 ga mai sauri, 7 zuwa 8 ga mai matsakaicin gudu.

Idan ka ja kunama bai tashi ba, bar bakin yana kallon tudu daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Sinadarin wutar a gefen gindin kwanso yake, a mai araha wani gefen yakan zo fanko. Kada ka riƙa jan kunama babu harsashi sai littafin bindigar ya yarda, domin allura tana dukan bakin ɗakin harsashi ta yi masa lamba. Idan kwanso ya fara maƙalewa, baƙin datti ne ya taru a ɗakin, a goge da burushi da man wanki ta baya. A toshe kunne, a sa tabarau, a wanke hannu bayan taɓa dalma, kuma a kulle bindiga daban, harsashi daban, inda yara ba sa kaiwa.