Farameta ta OUT: yaya kuke karɓo amsar furosija daga rumbun bayanai?

Mai Rumbu: Salamu alaikum 'yan uwa. Na rubuta furosija (jerin umarni da ake ajiyewa a cikin rumbun bayanai) a SQL Server da ke saka sabon layi ta dawo min da lambarsa ta farametar fitarwa (OUT), wato gurbin da furosija ke mayar da amsa ta cikinsa. Layin yana shiga lafiya lau, amma a manhajar da na rubuta da yaren C# lambar babu komai a ciki. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya ba mu labari.

Ummu Lissafi: Wa alaikumussalam. Malam, ka rufe DataReader, wato mai karanta layukan sakamakon, kafin ka duba? Ni ma haka ta same ni. SQL Server sai ya gama turo layukan sakamako kaf sannan farametocin su biyo baya, don haka muddin mai karantawar yana buɗe ba za ka ga komai ba. Kuma idan a T-SQL, yaren SQL Server, kake kira, dole kalmar OUTPUT ta fito wuri biyu, a inda ka ayyana farametar da kuma layin EXEC da ke kiran furosijar. In babu ta biyun ba ya ko ƙorafi, shiru kawai zai yi, abin da ya fi damuna da shi ke nan.

Ɗan Postgres: Mu tamu matsalar ta siga ce. Fankshin, ɗan'uwan furosija, a rumbun PostgreSQL ya daɗe yana karɓar OUT, amma furosija sai a siga ta 11, a 2018, ta shigo, kuma INOUT (farameta mai shigarwa da fitarwa) kaɗai take dawo da amsa da shi. Sai siga ta 14 a 2021 aka ƙara OUT. Uwar garkenmu tana kan 12 lokacin, ala tilas muka mayar da komai INOUT. Ko bayan mun ɗaga, umarnin CALL da ke kiran furosija yana son a cike gurbin farametar, NULL (wato babu komai) muke sa wa.

Injiniya Ƙarami: A MySQL fankshin ba ya karɓar OUT sam. Furosija nake kira da @lamba, ma'ajin wucin gadi da zai karɓi amsar, sannan SELECT @lamba a kan haɗin nan ɗaya, domin in haɗi ya canza ta ɓace.

Ummu Lissafi: Ƙanena, kusan dabarar da nake yi da pyodbc (mai haɗa Python da rumbun bayanai) ke nan, tunda ba shi da callproc na kiran furosija kai tsaye: DECLARE, EXEC, sai SELECT a dunƙule.

Mai Rumbu: Hajiya, Allah ya saka da alheri. DataReader ɗin ne. Na rufe shi, lamba ta fito.