"Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo": ta dace da zaɓin ɗan wasa a RPG?

Sadiƙu:
Jama'a, ga karin maganar da nake so mu duba: "Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo." Ana yawan jefa ta duk inda aka tayar da zancen zaɓi a wasannin RPG na bidiyo, waɗanda ɗan wasa ke zama jarumin labari yana yanke masa hukunci, ana nufin ka zaɓi duk abin da ka ga dama, inda marubuta suka shirya nan za ka ƙare. Hujjar masu faɗi kullum Mass Effect 3 ce ta 2012. Tun daga wasa na farko har zuwa na uku mutum yana yanke hukuncin wa zai rayu wa zai mutu, daga ƙarshe aka tsayar da shi gaban hanyoyi uku, hoton rufewa kusan iri ɗaya, sai launin wutar da ta tashi: ja, shuɗi ko kore. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin BioWare da ya yi wasan ya fitar da ƙarin ƙarshe kyauta a watan Yunin shekarar. To karin maganar ta zauna a nan, ko an ɗora mata kayan da ba nata ba?

Malam Habu:
An ɗora mata, Sadiƙu. Ba a faɗinta don a ce wa mutum ƙoƙarinsa banza ne. Ana faɗinta a kan abin da aka daɗe ana jira ko ana gudu: azzalumin da yake ganin ya gagara, bashin da aka yi ta ja, shari'ar da ta ƙi ƙarewa. Abin da take cewa shi ne ranar tana zuwa. Ba ta ce jifan kowa wuri ɗaya zai faɗo ba. In launuka ukun nan kake son yi wa karin magana, "duk kanwar ja ce" ita ce tasu.

Nura:
Kafin a zargi marubuta, a yi lissafi. Zaɓi ɗaya mai fuska biyu yana haifar da reshe 2. Zaɓi goma a jere, in kowane reshe zai tafi hanyarsa bai dawo ba, sun zama 1,024. Ashirin sun haura miliyan ɗaya. Kowane reshe kuwa sai an rubuta masa zance, an ɗauki muryoyi, an motsa fuskoki, an gwada shi. Babu kamfanin da zai iya. Shi ya sa ake barin labari ya rabu na ɗan lokaci sannan a maido shi kan turba ɗaya.

Abin da ke tafiya da kai alamomi ne a cikin fayil ɗin ajiya. Wasu i ko a'a ne: wane yana raye, an kai saƙo, an ƙona ƙauye. Wasu lamba ce da ke hawa da sauka, kamar yardar abokin tafiya. In ka iso wani fage, wasan ya leƙa alamar, ya zaɓi layin zance ko mutumin da zai tsaya a wurin. Tambayar da ta dace ita ce sau nawa ake leƙa alamar, kuma me ake cirewa ko ƙarawa idan an leƙa.

Ummi:
Yaya Sadiƙu, ka kawo na uku ka tsallake na biyu. Farmakin ƙarshe na Mass Effect 2, na 2010, ya isa ya rusa maganar. Tun kafin a shiga, jirginka na sararin samaniya yana buƙatar gyara uku: sulke, garkuwa da igwa. Duk wanda ka bari ba ka saya ba, mutum ɗaya zai mutu tun a hanya. A ciki kuma, wanda za ka tura cikin bututu cikin abokan tafiyarka dole ya zama Tali, Legion ko Kasumi, kuma ka riga ka kammala masa aikin amanarsa. Jacob zai miƙa kansa, in ka biye masa ya mutu. Ko ka tura gwani, in jagoran rukuni na biyu ba Garrus, Miranda ko Jacob ba ne, na cikin bututun ne zai sha harsashi a bakin ƙofa. Wajen riƙe kariya daga tarin ƙwarin abokan gaba ma haka: Jack ko Samara. Miranda za ta ce duk mai irin ƙarfinsu zai iya, in ka sa ta, kariyar ta karye a ɗauke maka mutum. Har jinkiri yana da farashi. Bayan an sace ma'aikatan jirgi, in ka bi su nan take duk za ka same su da rai, in ka tsaya wasu ayyuka rabi sun tafi, in ka daɗe likita kaɗai za ka tarar. Shepard, jarumin da kake bugawa, shi kansa yana mutuwa in waɗanda suka tsira ba su kai biyu ba. Ina kanwar ja a nan?

Sadiƙu:
Na ji. Amma dubi abin da aka yi da waɗanda suka mutu. Ka kashe sarauniyar halittun da ake kira Rachni a na farko, a na uku ka tarar da wata ta ƙirƙira a kogo ɗaya, aiki ɗaya. Ka harbe abokin tafiyarka Wrex a duniyar Virmire, ɗan'uwansa Wreav ya hau kujerarsa ta shugabancin ƙabila. Masanin kimiyya Mordin ya mutu, Padok Wiks ya riƙe aikinsa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Ummi:
Kujera ɗaya ce, mai zama ya bambanta. Sarauniyar ƙirƙirar, in ka cece ta, daga baya za ta ci amanarka ta rage maka ƙarfin yaƙi, ta asalin kuwa ba ta yi. Kuma hanyar da Mordin zai fita da rai daga Tuchanka, duniyar su Wrex, guda ce tak: Wrex ya mutu ko ba a ɗauke shi ba tun a na farko, Eve, mace daga jinsin Wrex, ta mutu saboda ba a adana bayanan binciken Maelon a na biyu ba, sannan kana da isasshen makin suna a wasan da za ka shawo kansa. Alamomi daga wasanni uku aka haɗa a fage ɗaya. Maye gurbi ba laifi ba ne in wanda aka kawo ya zo da halinsa.

Baffa:
Ni The Witcher 3 na 2015 nake kira zaɓen tumun dare. Ruhun da ke cikin wata bishiya a yankin Velen: ka sake shi, marayu su tsira amma ya hallaka ƙauyen Downwarren, matar Baron mai mulkin yankin ta mutu, Baron ɗin kuma ya rataye kansa. Ka kashe shi, ƙauye ya tsira, yaran su salwanta a hannun mayu. Lokacin da kake zaɓar ba ka san ko ɗaya daga ciki ba, sai sa'o'i sun wuce.

Malam Habu:
Rabi na yarda. Zaɓen tumun dare ana faɗinsa ga wanda ya zaɓa cikin duhu ya ɗauko marar kyau, alhali mai kyau yana nan. A bishiyar nan babu tumu mai kyau, ko da rana aka zaɓa. Inda duhun yake da gaske shi ne makomar Ciri, 'yar riƙon jarumin wasan. Ƙananan abubuwa huɗu ko biyar ne ake ƙirgawa: ka yi wasan jifa da ƙanƙara da ita ko ka kai ta shan giya, ka karɓi kuɗin mahaifinta, sarki Emhyr, ko ka ƙi, ka bar ta ta gana da matsafa ita kaɗai, ka bar ta ta huce haushinta a ɗakin binciken Avallac'h, ka raka ta kabarin Skjall, wanda ya taɓa taimakonta. Babu wanda ya yi kama da babban hukunci. Mai yawan tsare ta, yana ganin kulawa yake yi, shi ne zai rasa ta.

Nura:
Mai son ya gwada wasa da kansa, ga hanya. Yi ajiya daban kafin zaɓin, kada ka dogara da wadda wasan ke yi da kansa, don yana rubutawa a kanta. Bi hanya ɗaya har ka wuce babban aiki na gaba, ka dawo ka bi ɗayar. Kada ka tsaya a layin zancen da ya biyo baya nan take, wannan kowa yana iya canzawa da arha. Duba ko an rufe maka wani wuri, ko wani aiki ya ɓace daga jeri, ko mai sayar da kaya ya daina zuwa. The Witcher 2 na 2011 ya ci wannan gwajin fiye da kowa: bin Roche ko Iorveth a ƙarshen babi na farko yana kai ka babi na biyu dabam, ɗaya a sansanin sarki Henselt, ɗaya a garin Vergen. Kamfanin ya gina rabin da yawancin masu bugawa sau ɗaya ba za su gani ba.

Wani lokacin kuma ba yaudara ba ce, kuskuren alama ne. Conrad Verner a Mass Effect 2 yana cewa ka nuna masa bindiga ko da lallashinsa ka yi a na farko, saboda alamar da aka ɗauko daga tsohon fayil ba ta zo daidai ba.

Hajara:
Malam, da izininka, akwai inda karin maganar ta zauna daram a kan ma'anar da ka bayar. Fallout: New Vegas na 2010. Ko ka bi jamhuriyar NCR, ko rundunar Caesar, ko Mr. House, ko ka kama gabanka, yaƙin madatsar Hoover yana jiranka. Ranar tana zuwa, amma ɓangaren da za ka tsaya da makomar kowane gari sun rataya a kan abin da ka yi. An ma sa Yes Man, mutum-mutumin da ke taimakon wanda ya kama gabansa, ya zama ba ya mutuwa gaba ɗaya, don ko ka kashe kowa a samu hanyar kammalawa. Gwada da Skyrim, inda mutumin da labari ke buƙata yake durƙusawa kawai ya sake miƙewa. Morrowind na 2002 ya fi su gaskiya: yana barinka ka kashe shi, ya sanar da kai ka yanke zaren labari, in ka so ka ci gaba a haka.

Malam Habu:
Wannan na karɓa, Hajara. Ga New Vegas a faɗe ta, ga launuka uku a bar ta.

Baffa:
Saura abu ɗaya da ba a taɓa ba: maɓallin loda ajiya. A Baldur's Gate 3 na 2023, in ka kai wa kurmin 'yan gudun hijira hari, abokan tafiyarka Wyll da Karlach za su rabu da kai, in maƙeri Dammon ya mutu babu mai gyara injin ƙirjin Karlach. Nauyi ne na gaske, amma wanda yake lodawa duk lokacin da ƙuri'ar da wasan ke jefawa ta ƙi shi bai ɗauki ko ɗaya ba. Shi ya sa kamfanin Larian da ya yi wasan ya ƙara yanayin ajiya ɗaya tak. Undertale ma ya toshe ƙofar ta wata hanya: in ka kammala hanyar kashe kowa, ko ka sake farawa ka bi ta lumana, ƙarshen zai zo da tabo. Malam Habu, wanda ya yi jifa ya ruga ya cafe kafin ya taɓa ƙasa, ya sake jefawa, shi wace za a faɗa masa?