Masu alli a hannu, ta wace hanya kuka zama malamai?

Ƙanen Zariya:
Assalamu alaikum yayyena. Na samu bak bana, kuma koyarwa nake so. Wasu sun ce in nemi makarantar horar da malaman firamare, ENI Bawa Jan Gwarzo nan Maradi, wasu sun ce in wuce jami'a. Wanda ya bi hanyar ya faɗa mana yadda ya tarar da ita.

Malamin Tibiri:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin zancen makaranta, fito da takardunka ka shimfiɗa su kan tabarma: takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, takardar bak. Ka bi sunanka baƙi bayan baƙi. A zamaninmu wani abokina takardarsa ɗaya ta ce Mahamadou, ɗayar ta ce Mamadou, aka maido masa da dosiye, kafin kotu ta gyara an rufe karɓa. Shekara guda ta tafi a kan haruffa biyu. Takardar kotu mai shaidar ba a taɓa ɗaure ka ba kuwa, kada ka yi gaggawar cirota, wata uku take yi ta mutu. Sai sanarwar konkur ɗin shiga ENI ta fito.

Malama daga Ali Ɗan Sofo:
Gaskiya ne Malam. Ni da BEPC na shiga, na fito da CFEEN, takardar ƙare ENI, a matsayin mataimakiyar malami, masu bak kuma su ne cikakkun malamai. Daga baya na yi CEAP, sannan CAP, jarrabawar ƙwarewar koyarwa, ina aiki ina karatu, ga goyo. Amma ƙanena kada ka ɗauki sharuɗɗan lokacinmu, suna sauyawa. Je ka karanta sanarwar bana da idonka, ban da ji-ta-ji-tar fada. A konkur ɗinmu faransanci da lissafi ne suka zubar da mutane, kuma ba lissafin lise ba, na firamare: rabawa, kashi-kashi, awon fili. Nemi littafin CM2 ka zauna da shi, babu kunya a ciki.

Ɗan Kwantiragin Dakoro:
Ni ta taga na shigo. An ɗauke ni kwantiragi ba tare da na taka ENI ba, aka ba ni ɗan horo na kwanaki, aka tura ni ƙauye. Ajin zana ne, yara a ƙasa, allo jingine da icce, iska na tasowa sai kowa ya dafe littafinsa. Aka ba ni CI, ajin farko na firamare. Na rubuta harafi a allo, na juyo, yara suna kallona ina kallonsu. Darektanmu, wani dattijo, shi ya zaunar da ni bayan la'asar ya koya mini shirya darasi a takarda: me yaro zai iya a ƙarshen awa, da me za ka fara, wace tambaya za ka yi. Sauran na tsinta a taron CAPED, inda malamai ke haɗuwa su ƙara wa juna sani. Da aka yi wa ƴan kwantiragi jarrabawar tantancewa a 2017, da yawa cikin abokanmu sun rasa aikinsu. Na tsira, amma tun ranar na san takardar horo ba ado ba ce. In kana da halin shiga ta ƙofa, shiga.

Yayan Madarunfa:
Ku bar yaro ya ji ɗaya ɓangaren mana. ENI ta firamare ce. In kwaleji ko lise kake hange, hanyar ENS ce, babbar makarantar horar da malamai a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, inda ake ba da DAP/CEG na koyarwa a kwaleji da CAPES na lise. A garin Tawa ma akwai tsangayar ilimin koyarwa a jami'arsu. Ni lasisi na yi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, bautar ƙasa ta shekara 2 ta jefa ni aji, ban sake fita ba. Mai lissafi ko kimiyya ba ya rasa ajin da ke jiransa.

Malama daga Ali Ɗan Sofo:
Yaya, ka manta ka ce masa Yamai sai da masauki da guzuri. Ba kowane gida ke iyawa ba.

Baba mai ritaya, Tasawa:
Ɗana, duk sun gaya maka gaskiya. Abin da zan ƙara: a lokacin sitaj kada ka zauna bayan aji kana cika rajista. Roƙi mai ajin ya ba ka alli tun makon farko, ka yi kuskurenka a gaban wanda zai gyara maka. Kuma ka koyi rubuta Hausa da ƙa'idarta, da ƙ da ɗ da ɓ. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da harshen gida a Damagaram, a 2025 kuma Hausa ta zama harshen ƙasa. Na ga masu bak da ba su iya rubuta jimla ɗaya daidai da harshen da suka sha a nono.

Ɗan Kwantiragin Dakoro:
Baba, a faɗa masa har da lambar matirikil, ta cikakken ma'aikacin gwamnati. Fita ENI ba ita ce shiga aikin gwamnati ba, yawanci sai an ɗanɗana kwantiragi, kuɗin wata kuma wani lokaci sai ya haɗu da na wani watan kafin ya iso. Ka shirya zama da mai kantin ƙauye lafiya, shi zai riƙa ba ka shinkafa da man girki bashi.