Zakaran da ke waƙa a fim ɗin Robin Hood, daga ina aka samo shi?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Yarana sun kamu da son tsohon fim ɗin zane mai motsi na kamfanin Disney mai suna Robin Hood, wanda ya fito a 1973, inda aka mayar da mutanen labarin dabbobi. Abin da ya ja hankalina shi ne zakaran da ke yawo da wani abin kaɗawa mai kama da molo, yana ba da labarin cikin waƙa tun daga farko har ƙarshe. Shin wannan mawaƙi yana cikin asalin labarin, ko kuwa masu fim ɗin ne suka ƙirƙiro shi domin su faranta wa yara rai?

Malam na Bakin Kasuwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Sunan mawaƙin Alan-a-Dale, kuma ya girmi fim ɗin da ɗaruruwan shekaru. Akwai wata waƙar gargajiya ta Ingila daga ƙarni na 17 wadda take ba da labarinsa a matsayin saurayin da aka ƙwace wa budurwa za a aurar da ita ga wani tsohon attajiri, sai Robin Hood, ɗan fashin da ke kare talakawa a labarin, ya shiga coci da mutanensa ya hana ɗaurin auren, ya mayar masa da ita. Daga baya ne marubuta suka mai da shi mawaƙin ƙungiyar Robin Hood da ke zaune a dajin Sherwood. Abin da Disney suka ƙara shi ne siffar zakara da kuma ɗora masa nauyin ba da labarin gaba ɗaya.

A ganina wannan zaɓi ya dace ƙwarai, domin labarin Robin Hood a bakin mawaƙa ya rayu kafin ya shiga littafi. Ambatonsa mafi tsufa da aka sani a adabin Ingilishi yana cikin wata doguwar waƙa ta William Langland ta wajen 1377, inda wani malamin coci malalaci yake cewa bai iya addu'arsa sosai ba, amma ya haddace waƙoƙin Robin Hood. Saboda haka duk wanda ya sa mawaƙi ya riƙe ragamar labarin, ya koma da shi inda ya fito ne.

Ɗan Tasha:
Malam, na yarda da tarihin da ka kawo, sai dai akwai abin da ya daɗe yana damuna. Muryar zakaran ta Roger Miller ce, mawaƙin kiɗan karkara na Amurka wanda aka haifa a Texas a 1936, kuma shi ne ya tsara waƙoƙin da zakaran yake rerawa. Labarin kuwa an kafa shi a Ingila ta zamanin Sarki Richard, lokacin da ya tafi yaƙi ya bar ƙanensa John yana tatsar talakawa da haraji, wato wajen 1190. Yaron da ya kalli fim ɗin zai ɗauka haka mawaƙan wancan zamani suke rera waƙa, alhali tsakanin su da salon Miller akwai shekaru kusan ɗari takwas da kuma teku.

Malam na Bakin Kasuwa:
Gaskiyarka ce, ɗan'uwa, amma ka tuna cewa ko sanya labarin a zamanin Richard ba ya cikin tsofaffin waƙoƙin, domin ɗaya daga cikin mafi tsufansu Edward take kiran sarkin. Kowane zamani yana yi wa labarin kwaskwarima. Shi ma zakaran tun a buɗe fim ya faɗa cewa dabbobi suna da tasu ruwayar.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda haraji ya yi tsanani aka cika kurkukun garin Nottingham da waɗanda suka kasa biya, ana ruwan sama, sai ga mai ba da labarin shi ma a ɗaure tare da su, yana rera waƙar baƙin ciki a hankali. Mawaƙin da ya sha wahalar da yake waƙa a kanta ya fi shiga zuciya, kuma kiɗan karkarar Amurka dama kiɗan ma'aikata da marasa galihu ne, shi ya sa muryar Miller ta zauna a wurin.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai, Malam, kai ma Ɗan Tasha na gode. Ƙaramin ɗana ya yi shiru a daidai wannan wuri na kurkuku, daga baya ya tambaye ni dalilin da ya sa aka ɗaure zakaran alhali waƙa kawai yake yi. Yanzu zan iya bayyana masa cewa shi ma ɗaya ne daga cikin talakawan garin da aka ɗora wa harajin.