Neman kalma: me za mu kira "tiranzit" da Hausa?

Mai ofishin kago, Jidda

Salamu alaikum jama'a. Kalma nake nema, kuma ba don nishaɗi ba, rashinta ya taɓa cin mini kuɗi.

Aikina haɗa kaya. 'Yan kasuwarmu su sayi dabino, darduma, abaya, turare, wani lokaci firji da injin wanki, a kawo sito a Kumra, unguwar sito-sito ta nan Jidda, mu auna, mu cika kwantena, mu kai tashar jiragen ruwa ta Jidda. In kayan Kano ne magana ɗaya ce: jirgi ya sauke a Legas, a sallami kwastan, a ɗora wa tirela. In kuwa na Maraɗi ne ko Damagaram, akwai ƙasar wani a tsakani, tunda Nijar ba ta da teku. Dole kwantena ta sauka a Lome ko Kwatano, kuma dole tun daga nan Jidda a rubuta a takardar jirgi cewa saukar ba ta zama ba ce, kayan Nijar ne, gaba za su yi. Wannan halin shi ne Bature da Bafaranshe ke kira tiranzit. Balarabe ma a bakin tasha haka yake faɗa.

Shekarun baya, kafin a rufe gadar Gaya ta iyakar Nijar da Benin, wani Alhaji ya ba ni kaya. Na san yana da shago a Kwatano, yana da wani a Maraɗi. Na kira shi na ce, "Alhaji, fito za a yi musu a Kwatano?" Nufina a biya kuɗin fito a can su zama kayan Benin. Ya ce, "Eh mana, fito za a yi." Shi kuma nufinsa a haye da su Nijar. Kowa ya ajiye waya yana ganin an fahimci juna. Na sa aka rubuta Kwatano a matsayin ƙarshen tafiya. Da jirgi ya isa, mai fitar masa da kaya ya duba takarda ya ga babu Nijar ko ɗaya a ciki. Kafin a gyara, kwantena ta yi kwana 19 a ƙasa, kamfanin jirgi na lissafa nasa kullum, tasha na lissafa nata. Muka raba asarar, amma Alhajin bai sake ba ni ko kwali ɗaya ba.

To ina son kalma gajera, wadda in na faɗa a waya, ana hayaniyar lebura a bayana, ba mai ɗaukarta da wata ma'ana.

Dattijo, Makka

Wa alaikumus salam. Yaro, kalmar da kake nema tana bakinka, kai ne ka yi mata riƙon sakainar kashi. Fito ce. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro, in ayari ya iso bakin Kwara, madugu ne ke zama da masu jirgi da sarkin wurin a yanke abin da za a biya, a haye da mutane da jakuna. Wannan shi ne fito. Kaya ba na garin ba ne, ba a kwance su, an dai biya an haye. Me ya raba shi da abin da kake faɗa? Ku bar aron abin da kuke da shi a gida.

Hajiya mai shago, Bab Sharif

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan kam ban bi ka ba. Fito ta tsufa har ta haifi 'ya'ya, kuma 'ya'yan ba sa ga maciji. A rediyo in an ce kuɗin fito, harajin kwastan ake nufi. A bakin kogi, ɗan kwalekwale ne. Je ka Jibiya ko Maigatari ka ce "ni ɗan fito ne" ka ga irin kallon da mai kaki zai yi maka, don a can mai bi da shinkafa ta daji ake nufi. Kalma ɗaya tana nufin biyan haraji, tana nufin hayewa, tana kuma nufin guje wa harajin. Ita ce fa ta kwana da kwantenar bawan Allah kwana 19.

Ni dai "kayan wucewa" nake cewa, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Mai ofishin kago, Jidda

Hajiya, na gwada ta. Aibinta ɗaya: a sito kullum muna cewa "kayan nan sun wuce", ma'ana sun haura awon da aka biya wa, ko jirgin ya riga ya tashi da su. Kuma in an ce mutum ya wuce, kin san abin da ake nufi. Ɗan kasuwa ba ya son jin ta kusa da dukiyarsa.

Tsohon direban kamiyo (babbar motar kaya), ɗan Ƙonni, yanzu a Riyad

Ku bari in hwaɗa muku abin da idona ya gani, kahin ku raɗa ma abin suna. Shekara tara ina jan kwantena daga Kwatano.

Kayan wanga iri, duwan (kwastan ke nan) na bakin ruwa ba su amsar harajinsu. Abin da suka sani shi ne kada ka sauke su cikin ƙasarsu ka saida. Don haka sai an aje lamuni, a ɗaure ƙohwar kwantena da hatimi mai lamba, a ba ka takarda. Ka bi Paraku, Kandi, Malanbil, ka hau gada, ga Gaya. Nan ne duwan na Benin za su shaida ka hita, sannan a saki lamunin. Haraji sai a Nijar. In hatimin ya tsinke bisa hanya, ko da reshen icce ya tsinka shi, ranar ba ka kwana gida. Tsarin ga ba na jiya ba ne, tun 1982 ƙasashen CEDEAO, wato ECOWAS, sunka sa hannu kanshi, kuma a Kwatano ɗin aka sa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 gadar ta ruhe. Kaya sunka koma Lome. Daga Lome sai Sinkase, a shiga Burkina, a bi garin Kaya, Dori, Tera, sannan Yamai, kuma sai an tara motoci ayari guda soja sun raka. Wanda ya saba ratsa ƙasa guda, yanzu biyu yake ratsawa, ko wace da duwan nata. Ƙanena na bisa hanyar, ya ce jiran rakiya ya hi tuƙin cin rai.

Mu dai direbobi "taranzi" muke cewa. Amma in Hausa kuke so, ga "kayan ratse".

Ɗalibi, Madina

Kawu, a gafarce ni, akwai ɗan gyara. Ratsawa daban, ratse daban. In na ce na yi ratse, na bar hanya ne na biya wani wuri. Wannan kuwa shi ne babban laifin da kayan nan za su iya yi. Ka ce wa jami'i "kayan ratse ne", ka kai ƙarar kanka da bakinka.

A Larabcin takarda "ubur" ake cewa, kayan kuma "abira". Asalinta ɗaya da "abiru sabil" na hadisin nan da aka ce ka zama a duniya kamar baƙo ko mai ƙetare hanya. Malamanmu na zaure sun daɗe da fassara ta, sai dai "kayan ƙetare" ba za ta yi ba, don Bahaushe ya riga ya ba wa kayan ƙasar waje wannan sunan.

Me zai hana "yada zango"? In jirgin alhazai ya tsaya a Adis Ababa ko Alƙahira, ai haka muke cewa.

Af, wani abu da ya ba ni dariya: ƙasar da ba ta da teku, Larabawa "habisa" suke ce mata, wato tsararriya. Ƙasashe 16 ne haka a Afirka. Ko mu ce "ƙasar kulle"?

Tsohon direban kamiyo

Kulle na amare ne, ɗana. Ƙasar da ke da iyaka da ƙasa bakwai ba ta kulle. Ku ce marar teku ku huta.

Hajiya mai shago, Bab Sharif

Na goyi bayan Kawu, a bar ta a marar teku. Zango kuma, Malam, na mutum ne. Mutum ya sauka ya yi alwala ya ci abinci ya miƙe ƙafa. Kwantena in ta miƙe ƙafa, mai ita ne ke kuka. Ni ba na son sunan da zai sa ta ji daɗin zama. Baƙo raɓa ne, a sa mata sunan da ke korar ta.

Mai ofishin kago, Jidda

Maganar Hajiya ta tsaya mini a rai. Duk kalmomin da muka kawo suna kallon wurin da kaya suka sauka: an haye, an ratsa, an yi zango. Amma ni abin da nake tambayar mai kaya a waya shi ne, nan za su tsaya ko gaba za su yi? Jiya da daddare ina rufe sito na ji yarona yana waya da wani, yana cewa, "A'a, ba na Lome ba ne, zarcewa za su yi." Bai san ina neman komai ba. Na tsaya da kwaɗo a hannu.

Kayan zarce. Takardar zarce. "Tsayawa ne ko zarce?" Ku ɗanɗana ku ji.

Wani matashi, Dammam

Yallaɓai, ka ƙara "ta" a gaba kawai mu san inda aka dosa. Kayan tazarce! Mu 'yan Najeriya mun sha tamu a 1998, 'yan uwanmu na Nijar sun sha tasu a 2009. Duka biyun ba wadda ta kai inda aka rubuta a takarda.

Ban da wasa, kalmar ta zauna. Kuma ga gwaji. Ina aiki kusa da tasha a nan, kullum ina ganin kwantenoni na sauka daga jirgin ruwa, a ɗora su a jirgin ƙasa zuwa Riyad, sai can kwastan za su buɗe. Irin wannan tashar ce aka buɗe a Kaduna a 2018, da ta Dala a Kano a 2023, 'yan jarida suka raɗa mata "tashar tsandauri", sunan kuma ya bi ta. To kwantenar da ta sauka a Legas ba a buɗe ba sai Kano, ba ta haye ƙasar kowa ba, ba ta ƙetare iyaka ba. Fito ba ta kama ta. Amma ta zarce. Kalmar ta ɗauki duka biyun.

Ɗalibi, Madina

Ta fuskar ginin kalma ba ta da matsala: ratsa ta ba mu ratse, zarce ta tsaya da ƙafarta. Tambayata ɗaya. Kayan da suka tashi daga Jidda, aka sauke su a Tanja ta Maroko aka sa a wani jirgin da zai gangara Lome, su ma zarce ne?

Mai ofishin kago, Jidda

A'a Malam, wannan canjin jirgi ne, kuma haka kowa ke faɗa tun da. Ba su fita ƙofar tasha ba, ba ruwan mai kaya da kwastan ɗin wurin. Abin da yake jawowa sai ƙarin kwanaki. Zarce tana farawa ne daga lokacin da kwantena ta hau mota ko jirgin ƙasa da hatimi a ƙofarta.

Dattijo, Makka

Na ji ku. Har yanzu ina nan a kan cewa fito ce uwa, ku kuka ɓata ta da shinkafar dare. Amma ban ƙi zarce ba, don ko ni in na hau mota daga Jidda zuwa Ɗa'ifa, cewa nake ba zan sauka Makka ba, zarcewa zan yi. Sharaɗina ɗaya: kada in ji wani ya ce "zarcin" ko "zarcesan". In za ku yi Hausa ku yi ta da tsarki.

Sannan yaro, ka nemi Alhajin nan ka gaishe shi. Laifin na harshe ne, ba naka ba, ba nasa ba.

Tsohon direban kamiyo

Na tura ma ƙanena. Suna garin Kaya kwana shida suna jiran soja. Ya ce sunan ya yi, saura zarcewar.

Hajiya mai shago, Bab Sharif

Allah ya fito da su lafiya. Kun ga ni ma na ce "fito".

Tunda an taru, ga wata. Kuɗin nan da ake lissafawa kullum in kwantena ta daɗe a tasha, nan "ardiyya" muke ji, 'yan Legas na cewa "dimarej". Ni "kuɗin kwana" nake ce wa abokan cinikina, sai wata ta tambaye ni wai otal aka kama wa kayan.

Mai ofishin kago, Jidda

Baba, na kira Alhajin bayan la'asar. Ya yi dariya, ya ce zai turo dabino kwali 40 a gwada ni. Na tambaye shi, "Tsayawa ne ko zarce?" Ya ce, "Zarce, Maraɗi," bai ko tambaye ni me nake nufi ba. Na ce wa yaro in sun iso ya rubuta a jikin kowane kwali da jan alƙalami.

Hajiya, kuɗin nan biyu ne fa, na kamfanin jirgi daban, don kwantenarsa da aka riƙe, na tasha daban, don filinta da aka tare. Suna ɗaya ba zai ishe su ba. Ki buɗe mana tata tattaunawar gobe, yanzu mota na jirana a Kumra.